Layar Iya Azumi

Ɗinkin layar ya ɓalle a hannun Sakinatu, Walida tana tsaye tana kallo.

Ba da gangan ba ne. Kwana goma sha huɗu Walida ta yi a killace a ɗakinta, hawa na tara a wani dogon gini da ke unguwar Taman Melati a Kuala Lumpur, korona ta kwantar da ita har ta daina jin ɗanɗanon gishiri. Ranar da aka ce ta warke, Sakinatu da suke haya tare ta shigo da safar hannu da takunkumi biyu a fuska, ta hau goge ɗakin da ruwan kashe cuta. Ta goge ƙofa, ta goge littattafai, ta ɗaga matashi ta ga wata tsohuwar fata baƙa ƙirin, faɗinta kamar tafin hannu, duk ta yi fumfuna saboda danshin garin nan. Ta fesa mata ruwan, ta murza da tsumma. Zaren ya tsinke, fatar ta buɗe baki.

"Innalillahi..." in ji Walida. Ta zame ta zauna a ƙasa.

Sakinatu ta shiga ba da haƙuri, tana cewa in an buɗe gari za ta kai wa mai gyaran takalmi na bakin tasha ya ɗinke, ba wanda zai gane. Walida ba ta ma ji ta ba.

Wannan fatar ba ƙaramin abu ba ce a gidansu. Layar Iya Azumi ake ce mata, kakar Abbanta. Duk wanda zai yi tafiya mai nisa a gidan, aikin hajji ko karatu, ita ake ba shi ya tafi da ita, ya dawo da ita. Abba da kansa ya damƙa wa Walida a filin jirgin Kano, ya ce amana ce. Kuma ko yaron goye ya san ba a farke laya. In an farke, ta mutu.

Labarin layar kuwa shi ne ya raba Walida da mutumin da take so.

Mijin Iya Azumi, Abdulwahidu, falke ne, goro yake saro wa daga Gwanja. Shekara biyu kafin Turawa su shiga Kano ya tafi tare da amininsa Haliru Mai Zanzana, ya bar Azumi da ƙaramin ciki. Ayari ya dawo, Haliru ya dawo, Abdulwahidu bai dawo ba. 'Yan ayari suka ce agana ce ta kama shi a wani zango, su suka wuce, Haliru ya tsaya, sai kuma ga shi ya cim musu shi kaɗai. 'Yan'uwan Abdulwahidu suka tare shi a zaure. Yana raye? Ya yi shiru. Ya mutu? Ya yi shiru. Abin da ya yi kawai, ya miƙa fatar nan a kai cikin gida, ya ce saƙon mijinta ne. Suka yi masa dukan tsiya, suka ce yasar da ɗan'uwansu ya yi a daji kamar mushe. Kunya ta kore shi daga Kano ya koma Gusau. Azumi ta rataya fatar a wuya, ta ce layar mijinta ce. Ta haihu, ta ƙi aure, ta yi shekara sittin tana jira.

Tun daga nan, a gidan, in aka ce wane Haliru ne, to an gama zaginsa.

Walida ba ta san Shafi'u jinin Haliru ba ne, shi ma bai san komai ba. A walimar Sallah ta ɗaliban Najeriya suka haɗu, kafin annoba. Shi digiri na uku yake yi kan ruwan sha, yana haya a saman wani kedai, wato shago, a unguwar Kampung Baru. Ba kyakkyawa ba ne. Dogo ne, siriri, ba ya son surutu, kuma in ya ce ƙarfe huɗu to ƙarfe huɗu. Wannan ne ya shiga ranta. Shekara ɗaya da rabi suna tare, har iyayensa sun sa ranar zuwa gaisuwa.

Sai Abdulgani ya shigo ciki. Ɗan aminin Abba ne, shi ma yana garin, a unguwar Danau Kota, shekararsa shida yana karatun shekara uku. Ya nemi Walida, ta ce masa a'a, ba ta yi masa kwana-kwana ba. Bai yi fushi a gabanta ba. Zama ya yi ya bi dangin Shafi'u ta waya, daga wannan baki zuwa wancan, har ya tono cewa Haliru Mai Zanzana kakan babansa ne. Ya ɗauka ya kai wa Abba.

Abba, Alhaji Hussaini, bai ja magana ba. Ya kira 'yarsa ya ce, "Jinin Haliru? Ba da raina ba, Walidatu. In na mutu ku yi abin da kuka ga dama."

Ta yi kuka har idonta ya kumbura, amma ta bi. Mako bakwai ba ta kira Shafi'u ba, shi ma bai kira ba. Da ta kwanta ciwo dai, kullum da azahar mai babur yana kawo farfesu daga shagon abincin mamak, wato Indiyawa Musulmi na garin, babu suna babu takarda. Ba ta tambayi wanda ya aiko ba, don ta sani.

Yanzu ga fatar a buɗe a cinyarta.

Ta yi niyyar haɗe bakin ta ɗaure da zare ba tare da ta leƙa ba. Amma takardar ciki ta riga ta zamo. Uku ne ma, an naɗe su ƙanana, sun yi ja kamar ganyen taba. Ta buɗe ta farko da ɗan yatsa, tana jiran ta ga ayoyi da hatimi irin na malamai.

Babu hatimi. Babu aya ko ɗaya bayan bisimilla.

Ta yi makarantar allo, ta san baƙaƙe. Rubutun tsoho ne, ya cuɗe, amma a layi na biyu ta haɗa wasu baƙaƙe suka ba ta suna: Azumi. Ta ƙara gaba kaɗan ta ga kalmar gaisuwa. Hausa ce.



"Sakina... wannan ba laya ba ce. Wasiƙa ce."

Ta yi ta fama har la'asar, ba ta fitar da layi uku ba. Mutum ɗaya ta sani a duk Kuala Lumpur da zai iya karanta irin wannan hannun, don a gaban kakansa ya sauke Alƙur'ani. Ta yi salla, ta daɗe a kan darduma, sannan ta kira shi ta bidiyo.

Ya ɗauka a bugu na biyu. Ya rame. Ya dube ta, sannan ya tambayi jikinta. Ta ce da sauƙi. Ya tambaya ko Abba ya janye maganarsa, ta ce a'a. Ya ce to ai ta san bai kamata ba.

"Na sani, Malam. Ba hira na kira ka ba. Karatu za ka yi mini."

Ta kafa wayar a jikin kofi, ta shimfiɗa takarda ta farko a gabanta. Ya matso da fuskarsa, ya ce ta ɗaga sama kaɗan, ta kunna fitila. Sannan ya fara, a hankali, yana tsayawa inda tawada ta ci takarda.

Ta farko daga bakin kogin Kwara aka rubuta ta. Daga Abdulwahidu zuwa ga iyalinsa Azumi, gaisuwa da aminci da yarda. Ya ce sun haye ruwa lafiya, jaki ɗaya ne ya halaka. Ya ce ta daina daka, ta bar wa ƙannensa, kuma in abin cikinta namiji ne a sa masa Bala. Ya saya mata zane mai ratsin shuɗi, bai sami mai komawa Kano ba balle ya aiko, to zai riƙe takardar da zanen har Allah ya kawo wani.

Walida ta yi murmushi hawaye na zuba. Bala sunan baban Abba ne. Ba wanda ya karanta, amma sunan da aka sa ke nan.

Ta biyu gajera ce. Ciwo ya shiga zango, an binne mutum tara, shi ma yana jin zazzaɓi. Ta yi masa addu'a, kada ta gaya wa tsohuwarsa.

Da ta shimfiɗa ta uku, Shafi'u ya ƙura mata ido. Ya ce hannun ya canza, ba mai rubutun farko ba ne. Ya karanta a zuci tukuna.

"Karanta mana."

"Walida..."

"Don Allah ka karanta."

Ya karanta.

"Wannan bakina ne, hannun Haliru. Azumi, ina raye. Agana ta bar ni, amma ta tafi da idanuna duka biyu. Haliru ya yi jinyata kwana arba'in, shi ke juya ni, shi ke wanke ni, ya bar ayari ya tafi da kayansa. Ya ce zai goya ni har Kano, na ƙi. Ba zan shiga gidan ubana ana ja na da sanda ba sai na ji daga gare ki. Na sa shi ya dafa Alƙur'ani ba zai gaya wa kowa halin da nake ciki ba, ko uwata, takardar nan ce kaɗai za ta faɗa, ke kaɗai. Ki nemi malami mai riƙe asiri ya karanta miki. In kina so na a haka, ki aiko da kalma ɗaya ta ayarin baɗi, zan biyo su ko da rarrafe. In ba za ki iya ba, kada ki aiko da komai. Shirunki ya ishe ni, kuma na sauwaƙe miki, ban riƙe ki da komai ba. Ina zangon Hausawa kusa da Salaga, a gidan liman. Zan riƙa zama a bakin hanya lokacin ayari."



A ƙasa motar asibiti ta wuce da jiniya. Sakinatu, da ke tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu, ta toshe baki ta koma ɗakinta.

Abin a fili yake. Fatake kan ɗinke takarda a fata saboda ruwan sama da hayin kogi. Azumi ba ta taɓa karɓar wasiƙa ba a rayuwarta, laya kuwa ta sani. Wanda zai ce mata a buɗe an kore shi da duka, da rantsuwa a bakinsa. Haliru yana Gusau yana zaton ta karanta ta zaɓi shiru. Makaho yana bakin hanya a Gwanja. Ita tana zaure a Kano.

Shafi'u ya share fuska da tafin hannu. Ya ce a gidansu abu ɗaya kawai aka sani game da Haliru: har ya mutu bai ƙara sa goro a baki ba, kuma ba a ambaton Kano a gabansa.

Walida ta ce yau ɗin nan za ta tura wa Abba hotunan.

"Kada ki tura."

Ta ɗago ta dube shi.

"Ki mayar da su ciki, ki ɗinke," in ji shi. Ya ce Abba ya binne yayyensa biyu bara a mako ɗaya, lokacin da tsofaffi suka yi ta mutuwa a Kano. Ga hawan jini. Mutumin da ya tashi a cinyar tsohuwar nan, yanzu a ce masa abin da ta mutu tana jira yana rataye a wuyanta? Ya ce shi ba zai sayi aurensa da wannan ba.

"To mu fa?"

"Zan jira, Walidata. Ko shekara nawa ne. Wataƙila ya huce."

Ranta ya ɓaci yadda bai taɓa ɓaci da shi ba.

"Jira? Yanzun nan ka gama karanta abin da jira ya yi wa mutum uku, shi ne za ka ce mini jira?"

Ba ta tsaya nan ba.

"An zagi kakanku shekara ɗari da ashirin a gidanmu. Da bakina na zage shi, Malam. Ina yarinya in ƙanena ya gudu ya bar ni, Haliru nake ce masa."

"Ya riga ya tarar da sakamakonsa. Abba kuwa yana raye."

Ta kashe wayar.

Kwana uku tana juya maganar. Ta ɗauki allura sau biyu ta ajiye. In ta tuna fuskar Abba a filin jirgi sai ta ga gaskiyar Shafi'u. In ta dubi takarda ta uku sai ta ji kamar ita ma tana cikin masu dukan. Ta sa Shafi'u ya turo mata karatun da muryarsa, ta yi ta saurare har ta haddace.

Ashe ba ita za ta yanke ba. Sakinatu bakinta ba ya riƙe magana. Ta ba wata ƙawarta labari, ƙawar ta ba wata, kafin kwana uku ya isa Danau Kota wurin Abdulgani. Abdulgani ya gyara shi yadda zai yi masa amfani. Ya gaya wa Abba cewa Shafi'u ne ya sa ta farke layar, kuma ya rubuta wasu takardu ya jiƙa su da ruwan shayi don su yi kama da tsofaffi.

Ranar Laraba da yamma, hantsi ke nan a Kano, wayar ta yi ƙara.

Abba bai amsa gaisuwarta ba.

"An ce kin farke layar Iya."

"Ta farke, Abba. Ba ni na..."

"Ta farke ko ba ta farke ba?"

"Ta farke."

Ya yi faɗa irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ya ce ya ba ta amana ta kai wa maƙiyan gidan. Ya ce yaron nan ya nuna jininsa, ƙarya da yaudara gadonsu ne. Ya ce da jirage na tashi da gobe za ta kwana a Kano. Tana durƙushe a tsakar ɗaki kamar yana gabanta, ba ta katse shi ba. Sai da numfashinsa ya gaza ya tsaya.

"Abba, ka sha maganinka yau?"

Tambayar ta zo masa a ba-zata. Daga nesa ta ji muryar Umma tana cewa ya sha, ya kuma karya.

"To ka yafe mini abin da zan faɗa. Shafi'u bai taɓa takardun nan da hannunsa ba, gari a kulle yake. Shi cewa ya yi in ɗinke in ɓoye maka, don kada ranka ya ɓaci. Ni ce na ƙi. Alƙur'anin da kakanka ya rubuta yana cikin gafaka a ɗakinka. Zan turo hoto, ka gwada hannun da kanka. In ba shi ba ne, na rantse ba zan ƙara ambaton Shafi'u ba."

"Me ke ciki?"

Ta rufe ido, ta fara. Ta karanta ta farko, ta zo wurin sunan Bala, ta ji ya ja numfashi. Ta karanta ta biyu. Ta shiga ta uku. Ina raye. Kwana arba'in. Ya dafa Alƙur'ani. Da ta kai inda ya ce zan biyo su ko da rarrafe, sai ta ji ɗif.

Ya kashe.

Ta kira, ba a ɗauka ba. Ta tura hotunan. Ta kira Umma, Umma ta ce ya shiga ɗaki ya rufe.

Kwana tara Abba bai neme ta ba. A cikinsu Walida ta rame fiye da yadda korona ta ramar da ita. Duk ƙarar waya sai ta ɗauka mutuwa za a gaya mata, kuma ita ce sanadi. Shafi'u bai ce mata ai na faɗa miki ba, ko sau ɗaya. Saƙo ɗaya yake turowa kullum bayan asuba, yana tambayar jikin Abba. Abin da take samu daga Umma kaɗan ne: ya aika an buga hotunan a manyan takardu, ya sauko da gafaka, ya daina fita kasuwa, abinci sai an yi da gaske. Abdulgani ya kira shi sau uku, a na ukun Abba ya ce a gaya masa kada ya ƙara.

Rana ta goma ya kira. Muryarsa ta tsufa.

"Walidatu."

"Na'am, Abba. Ina kwana? Ya jiki?"

"Hannunsa ne. Biyun farko hannunsa ne, ko makaho..." Ya tsaya. "Ina da shekara goma sha biyu ta rasu. A ɗakinta na tashi. In ta rungume ni, goshina a kan fatar nan yake sauka. Na san warinta. Duk lokacin da aka ce motocin goro sun iso, sai ta sa mayafi ta fito zaure, ta tsufa tukuf, tana tambayar fatake ko sun ga wani dogo mai tsage a Gwanja. Dariya ake yi mata."

Abba ya ci gaba.

"Malamai nawa ne a gidanmu? Ni kaina na iya karatun nan. Sau biyu na kai ta Makka a aljihuna. Reza ɗaya, Walidatu. Da ɗayanmu ya sa reza..."

Ta taɓa jin kukan Abba sau ɗaya, ta waya, ranar da aka fita da yayansa. Wannan ya fi shi. Ta riƙe wayar da hannu biyu tana cewa ya yi haƙuri, ya yafe mata, ita ma tana kuka.

Da ya natsu ya ce ba ta yi masa laifi ba. Ya ce kada a sake ɗinke takardun, ta nemi abin da zai tsare su daga danshi, a bar su a buɗe duk jikan da ya iya karatu ya karanta. Sannan ya ce ta turo masa kwatancen gidan su yaron nan a Gusau.

Ta ce ai su za su zo, haka aka saba.

"Ba maganar aure zan je yi ba. Turo mini."

Sauran a bakin Shafi'u ta ji, shi kuma a bakin babansa, Malam Yusha'u. Ranar Asabar da azahar wata mota ta tsaya a ƙofar gidansu. Wani dattijo ya fito, ya cire takalmi tun daga bakin kwata, ya tako ƙasa da rana har zaure. Aka shimfiɗa masa darduma ya ƙi hawa. Ya faɗi sunansa da na ubansa da na kakansa, ya ce ya zo neman gafara ne a madadin gidansu, na raye da na mace. Malam Yusha'u bai ma san laifin da ake magana ba, sai da aka karanta masa takardar. Daga nan Alhaji Hussaini ya roƙi a kai shi kabarin Haliru. Aka ce tsohuwar maƙabarta ce, ba wanda ya san daidai wurin. Ya ce a kai shi hakanan. Ya tsaya a bakin katanga ya yi addu'a har la'asar ta kusa fita.

Sai da zai shiga mota ya juyo ya ce da Malam Yusha'u, in har yanzu suna son 'yar gidan da ya yi musu haka, to ya ba su.

"Me Baba ya ce?" in ji Walida.

"Ya ce sun karɓa," in ji Shafi'u. "Kin fi ni gaskiya, Walida. Da ta tawa ce da yanzu kina nan kina ɗinki."

"Da maganar ta kashe Abba fa?"

"Ban sani ba," in ji shi. "Wallahi ban sani ba."

Ita ma ba ta sani ba, kuma ba ta yi kamar ta sani ba.

An ɗaura auren wata Juma'a a masallacin unguwarsu a Kano, mutum bai fi ashirin ba, kowa da takunkumi. Babu kamu, babu kai amarya, babu guɗa. Ango da amarya suna gari ɗaya a wata duniyar, tasha takwas ce ko tara tsakaninsu a jirgin ƙasa, amma doka ta hana shi zuwa. Sakinatu ce ta yi wa amarya lalle da ɗan abin da ya rage a firji, ta ɓata yatsa biyu, ta ce laifin amarya ne da ba ta iya zama wuri ɗaya.

Da safe Shafi'u ya je ofishin 'yan sanda neman takardar izinin tafiya. Ɗan sandan ya tambayi dalili. Shafi'u ya nuna masa hoton takardar aure a waya. Mutumin ya duba, ya ce an yi aure jiya a Afirka, ango yana nan, amarya tana nan? Shafi'u ya ce haka ne. Ɗan sandan ya kira abokin aikinsa ya nuna masa, suka yi magana da yarensu, suka girgiza kai. Sannan ya buga hatimi ya miƙo.

"Boleh," in ji shi, wato an yarda.

Sakinatu ta kwashe kayanta ta koma hawa na huɗu wurin wasu 'yan Katsina tun kafin azahar. Walida ta share gidan, ta turara shi, ta dafa shinkafa da miya ta zauna. Ƙarfe huɗu aka ƙwanƙwasa.

Ta tsaya a bayan ƙofar, hannunta a kan mariƙi. Ta yi zaton murna ce za ta cika ta. Murnar tana nan, amma akwai wani nauyi a ƙarƙashinta wanda ta san ba zai tafi ba, kuma ba ta so ya tafi.

Ta buɗe.

Yana tsaye da farar shadda da ta yi masa yawa, jaka ɗaya a kafaɗa, gumi ya jiƙa hularsa. Ya sauke takunkumin.

"Sannu da zuwa, Malam," in ji ta. "Ka shigo... gidanka ne."

Ya cire takalmansa ya jera su a gefe. Ya yi bisimilla, ya shiga da ƙafar dama.